Mijina Ya Ɗauka Ciwon Mantuwa Ne, Ni Kuwa Hancina Ne Ya Mutu

Anti Dagny, barka da ƙoƙari. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki taimake ni da wuri, domin abin da nake tsoro ya kusa faruwa, ni ce kuma na jawo shi da hannuna. Na canza sunayenmu. Maigidana ba ya karanta shafinki, shi daga labarin ƙwallo sai na gidajen abinci. Yayata ce ke karantawa, idan ta gane ni, to ta gane, na gaji.

Shekaruna hamsin da bakwai, ina koyar da lissafi a wata sakandare a nan Aarhus. Maigidana, bari in kira shi Troels, injiniya ne a kamfanin da ke ƙera injinan samar da lantarki daga iska. 'Ya'yanmu biyu duk sun kama gabansu. Lokacin da autarmu ta kwashe kayanta ta koma Copenhagen, gidan ya yi mana wani irin shiru da ban taɓa sani ba. Ba faɗa muke yi ba, da faɗa ne ma da sauƙi. Mu zauna a tebur, ya yanka burodinsa in yanka nawa, ya tambaya ko an fitar da shara, in ce an fitar, shi ke nan hirar ranar ta ƙare. Har na fara duba ƙananan gidajen haya a ɓoye. Daga baya ya gaya mini shi ma ya duba.

Abin da ya cece mu, kada ki yi dariya, abinci ne. Ɗanmu ya kama mana tebur a ɗaya daga cikin gidajen nan da ba kai kake zaɓa ba, sai dai ka zauna su yi ta jero maka ƙananan faranti kusan ashirin, kowanne loma ɗaya ko biyu. Mun je ne kawai don kada yaron ya ji ba daɗi. Da aka ajiye mana ɗanyen jatan lande an barbaɗa masa tururuwa, sai Troels ya dube ni, da yake a tsibiri na girma, ya ce, "'Yar tsibiri, ke ki fara, in na ga ba ki faɗi ba zan biyo ki." Na rufe ido na ci. Tururuwar nan ashe tsami gare ta kamar lemo. Na kwashe da dariya har da hawaye, shi ma ya kama. A zaman nan mun yi hirar da ba mu yi ba a shekara guda.

Daga nan muka kamu. Muka daina tafiya hutu mai nisa, sai bin gidajen abinci, daga nan garin har Sweden da Norway. A cikinmu ni ce mai hanci. Shi labarin abincin yake so, wa ya tsinko ganyen, a wane daji, wata nawa aka bar shi ya yi tsami. Ni kuwa kafin mai kawo abinci ya buɗe baki na gaya masa abin da ke ciki. Troels yakan ce musu, "Ku yi hankali fa, yau na zo muku da 'yar sanda." In muna dawowa a jirgin ƙasa mu yi ta gardama a kan wane faranti ne ya fi, ya ce ni 'yar mai kifi me na sani, in ce masa shi da aka raina da dankali da romon gwangwani ya yi mini shiru. Anti, a teburan nan na sake samun mijina.

A hunturun bara ina kan keke zan tafi makaranta, ƙanƙara ta kwashe ni a wata kwana, ƙeyata ta bugi gefen titi. Aka duba ni a asibiti, aka ce babu karaya, aka sallame ni. Da na dawo gida na haɗa kofi, sai na ji kamar ruwan zafi mai ɗaci nake sha. Na ɗauka maganin da aka ba ni ne. Na shinshina sabulu, babu komai. Na shinshina rigar Troels, babu komai. Na je wurin likitan hanci ni kaɗai, ya ce jijiyoyin da ke kai ƙamshi ƙwaƙwalwa ne suka ji rauni, wasu yakan dawo musu, wasu ba ya dawowa, ba zai yi mini alkawari ba. Harshena yana jin gishiri da zaƙi da tsami da ɗaci, iyakarta ke nan. Ashe yawancin abin da muke kira ɗanɗano aikin hanci ne.

A lokacin muna da wani tebur da Troels ya yi watanni yana jira. Na ce bari a wuce wannan tukuna, wataƙila ma kafin nan jin ƙamshin ya dawo. Aka wuce shi, Troels ya kama wani. Sai na koyi dabara. In kasa kunne ga bayanin mai kawo abinci in maimaita shi da wasu kalmomi. In bar Troels ya fara magana, sai in ce haka ne, amma akwai wani abu da ke biyowa a ƙarshe. In lumshe ido in gyaɗa kai. Awa huɗu ina tauna abu mai sanyi, abu mai santsi, abu mai ƙaras-ƙaras, da kumfa, kamar ana ciyar da ni jiƙaƙƙen kwali kala-kala a faranti masu kyau. Nakan tashi in shiga banɗaki in jingina da bango in yi kukana, in wanke fuska in dawo a ci gaba. Na rame, siket ɗina duk sun yi mini yawa.

A gida ma abin bai tsaya ba. Wata rana ina falo ina duba takardun ɗalibai, miya ta ƙone ƙurmus a kan wuta, hayaƙi ya cika kicin ban sani ba sai da Troels ya shigo da gudu. Wata rana na zuba wa jikata madarar da ta lalace, yarinyar ta tofar tana kuka. A nan ne ya kamata in gaya miki cewa mahaifiyata ciwon mantuwa ne ya yi ajalinta. Ya fara mata tana kusan shekaruna, kuma da ƙona tukunya ya fara. Ni da Troels muka yi jinyarta har ta kai tana tambayata ko ni sabuwar ma'aikaciya ce.

Sai ranar zagayowar haihuwata, watan da ya wuce. Babana mai bandar kifi ne a tsibirin Bornholm, a cikin hayaƙinsa na girma, gashina da littattafaina da bargona duk warin banda suke yi, har yara suna tsokanata a makaranta. Ya rasu da daɗewa, wurin bandar ma an mayar da shi shagon sayar da tukwanen ado. Ban sani ba ashe tafiyar aikin da Troels ya ce ya yi a bazara, tsibirin ya je. Ya roƙi masu shagon, suka buɗe masa tsohuwar rumfar baya, ya samo ragowar itacen da babana ya faskara da hannunsa. Ya kai wa babban kukun wani gida da muke yawan zuwa a bakin tashar jiragen ruwa, suka yi makonni suna shirya abin.

Muna tsakiyar cin abinci sai ga kukun da kansa, ya ajiye mini faranti an kifa masa murfin gilashi, ciki fal farin hayaƙi. Ya ce wannan ba shi da bayani, wai maigidana ya ce masa zan gane. Anti, babu bayanin da zan maimaita. Na ɗaga murfin, hayaƙi ya bugi fuskata, idona ya yi yaji, ban ji komai ba. A farantin wani ɗan abu ne siriri da ɗigon wani abu mai launin ruwan ɗorawa a kai, ido ba zai gaya maka ko mene ne ba. Su biyun sun zuba mini ido. Na yi murmushi na ce ai busasshiyar ciyawa aka ƙona ko, dabara ce mai kyau. Kukun ya dubi Troels. Troels ya dafa hannuna ya ce, "Sake shaƙa, a hankali. Bai tuna miki da kowa ba?" Na ce ko tafiyarmu Norway ce. Na ga fuskarsa ta canza. Can ƙasa-ƙasa ya ce, "Itacen babanki ne."

Kuka ya ƙwace mini a gaban mutane. Babana ya zo har gaban hancina, sau ɗaya tak, na kasa jin sa, itacen kuma ya ƙone ya ƙare. Troels ya ɗauka kukan na gane abin da ke faruwa da ƙwaƙwalwata ne. Ya zagayo ya rungume ni yana cewa ba komai, ba komai, yana nan. A wurin ya kamata in faɗa. Bakina ya ƙi buɗuwa.

Tun daga ranar yake lallaɓa ni kamar ƙwai. Shi ke girki. Makullin mota kullum yana aljihunsa, wai yana son tuƙi. Wata Asabar da rana ina shanya kaya na ji shi a bayan rumfar keke yana waya da yayata Gudrun, yana cewa, "Irin na Mama ne, Gudrun. Ba ta gane hayaƙin babanku ba." Kuka yake yi, mutumin da ko a jana'izar uwarsa ban ga hawayensa ba. Ya kama mini layin ganin likita, ya ce wai binciken lafiya ne na kowa da kowa, na duba sunan sashen na ga na masu mantuwa ne. Kuma yanzu ya bi duk gidajen abincin da muka taɓa zuwa yana kama tebur ɗaya bayan ɗaya. Ya ce mu sake zagaya su tun da sauran lokaci, sai ya yi sauri ya ce wai yana nufin tun kafin sanyi ya shigo. Kusan kowane mako yanzu sai na zauna zaman nan na awa huɗu, yana kallona yana cewa, "Kin tuna nan? A can kusurwar muka zauna." Ina tune da komai, Anti, har kalar rigar da ya sa.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, shekaranjiya ya gaya mini zai ajiye aiki a ƙarshen watan nan. Wai ya gaji da injina. Ƙarya yake yi. Akwai aikin da ya yi shekaru yana jagoranta a cikin teku, saura kaɗan a kammala, idan yana maganarsa har idonsa ƙyalli yake yi. A shekarunsa in ya fita babu mai mayar da shi. Don ya yi jinyata zai bari, jinyar ciwon da ba ni da shi.

Zan gaya miki abin da ko kaina nake jin kunyar gaya wa. Wani ɓangare na zuciyata yana jin daɗin wannan kulawa. Yanzu ni yake kallo, ba faranti ba. Yana riƙe hannuna a titi. Idan na faɗi gaskiya, ina tsoron in rasa duka biyun: ya gane na yi kusan shekara ina yi masa wasan kwaikwayo a wurin da ya fi ɗauka da tsarki a aurenmu, kuma ya gane 'yar sandarsa ta mutu, ba ta da sauran amfani a tebur. Sai mu koma yankan burodi da maganar shara. Na gwada faɗa masa ya fi a ƙirga, da na buɗe baki sai in ji ina tambayarsa ko zai sha shayi. Har na yi tunanin in je wurin likitan mantuwar, a gwada ni a ce lafiyata ƙalau, ya huta, ni kuma in ci gaba da ɓoye nawa. Amma anya zan iya ci gaba da zaman nan har ƙarshen raina? Ba na barci, ba na cin abinci, ɗalibaina ma sun fara tambayata ko lafiya. Ki gaya mini yadda zan yi, don Allah.

Taki,
Wadda hancinta ya mutu, daga Aarhus

*

'Yar'uwa, sannu. Na karanta wasiƙarki, kuma kafin komai ina yi miki jaje, domin rashi kika yi na gaske. Mutane suna raina rashin jin ƙamshi har sai ya same su. Kin rasa abin da kika fi gwaninta a kai, kin rasa ƙamshin jikin mijinki da na jikarki, kuma kin ɗauki wannan duka ke kaɗai kusan shekara. Ban ga muguwar mace a wasiƙar nan ba. Na ga wadda ta taɓa ganin aurenta ya kusa mutuwa, ta rantse ba za ta sake gani ba.

To amma ki juyo ki tsaya inda Troels yake tsaye. Mutumin nan ya yi jinyar mahaifiyarki da hannunsa, ya san kowane mataki na ciwon nan, kuma kullum ya buɗe ido yana ganin matarsa a kan matakin farko. Makoki yake yi miki kina raye. Kin ce kina ɓoyewa ne don kada ki ɓata masa abin da yake so. A farko wataƙila haka ne. Yau kuwa ɓoyewar ta fi gaskiyar cutar da shi nesa ba kusa ba. Abin da kike jin tsoron faɗa, a kunnensa albishir ne: ƙwaƙwalwar matarsa lafiya lau.

Saboda haka ki gaya masa a makon nan, kafin takardar ajiye aiki ta bar hannunsa. Kada ki yi a gidan abinci, kada ki jira wani lokaci mai kyau, babu shi. Da safe, a gida, ku biyu. Tunda bakinki yana ƙin buɗuwa, ki fara da gajeriyar magana wadda ba ta da hanyar komawa baya: ba mantuwa nake yi ba, tun faɗuwata a keke ba na jin ƙamshi. Sauran zai biyo da kansa. Ki haɗa da sunan likitan hancin da ya duba ki, ki ce ku koma tare, domin mutumin da ya tsorata haka zai iya ɗauka kwantar masa da hankali kawai kike yi. Layin da ya kama miki ma kada ki soke, ki je, amma ki je bayan kin faɗa, ki gaya wa likitan komai. Da tarihin mahaifiyarki, ku duka biyun za ku fi samun natsuwa idan an duba. Dabarar a wanke ki a can ki ci gaba da ɓoyewa kuwa, ki manta da ita. Tukunya za ta sake ƙonewa, tsoronsa ya dawo sabo. A ranar kuma ki kira Gudrun, ita ma uwa ɗaya kuka rasa, kuma tana can tana zaton za ta rasa ƙanwa.

Ki shirya wa fushinsa. Zai fara da murna, wataƙila da kuka, bayan kwana biyu sai abin ya dawo masa: duk teburan nan, duk gyaɗa kan nan, da tafiyarsa Bornholm. Yana da haƙƙin jin zafi. Kada ki kare kanki, kada ki ce ai don shi kika yi. Ki ba shi haƙuri, ki gaya masa ainihin dalilin, wato tsoron shirun da kuka taɓa zama a ciki. Shi ma ya duba gidajen haya a lokacin, zai gane wannan tsoron fiye da kowa.

Game da jin daɗin kulawarsa, ki daina jin kunya. Kowace mace tana son a riƙe hannunta a titi. Sai dai ba kya buƙatar ciwo kafin ki samu. Ki buɗe baki ki ce masa wannan kam kada ya daina.

Inda na saɓa da ke shi ne batun cewa abinci ne ya riƙe aurenku. Abinci ya buɗe muku baki, gaskiya ne. Amma mutumin da hanci kawai yake so a jikin mace ba ya ajiye aikin da ya fi ƙauna don ya zauna ya wanke ta ya ciyar da ita a shekarun da yake zaton ba za ta ma san sunansa ba. Troels ya riga ya amsa tambayar da kike tsoron yi masa, tun ba ki yi ba.

Sai abubuwan yau da kullum. Ku sa na'urar da ke ƙara idan ta ji hayaƙi a kicin da falo. Ki riƙa rubuta rana a jikin duk abin da kika buɗe a firiji, abin da kike shakka kuma ki miƙa masa ya shinshina. Ki tambayi likita game da horar da hanci, wato shaƙar abubuwa irin su kanumfari da bawon lemo safe da yamma na tsawon watanni. Yana taimakon wasu, ba kowa ba, ni ma ba zan yi miki alkawari ba. Ramar nan da rashin barcin ma ki faɗa masa, ba ƙananan abubuwa ba ne.

Teburan da ya kama kuwa, ku soke yawancinsu, ki huta. Idan wata rana kin ji kina so, ku zaɓi gida ɗaya ku gaya wa kukun gaskiya tun kafin ku je. Mutanen nan rayuwarsu ke nan, neman abin da zai ba su wuya. Ki ce musu ga mace mai jin tsami da gishiri da zafi da sanyi da yaji, ki ga abin da za su yi. Idan kuma kin je kin ji azaba ce, ki faɗa, ku tashi ku nemi wani abin da za ku riƙa gardama a kai. Shi ya ci gaba da zuwa da ɗanku lokaci-lokaci, ya dawo ya ba ki labari, ki ƙaryata shi.

Ki tashi ki je ki same shi, 'yar'uwa. Akwai mutum a gidanki da ke kuka a ɓoye a kan abin da magana ɗaya daga bakinki za ta ɗauke masa. Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya ba ki lafiya, ya bar ku tare.

Anti Dagny